Rana Ma Tana Ɗibar Ruwa a Tiga

A bayan garinmu akwai wani dam na ƙasa da aka yi shekarun baya, aka tare wata korama da tarin jar ƙasa. Ranar buɗe shi an yi kiɗa, an yanka ƙyalle, an ce daga yau garin nan ya yi ban kwana da ƙishirwa. Wanda duk ya je wurin a watan Oktoba zai gaskata maganar: ruwa shimfiɗe iya ganinka, balbela na bin shanu a gefe, yara na ta iyo. Amma kafin Afrilu ya fita, abin da ke saura sai wani ɗan kududdufi kore a tsakiya, laka kuwa ta tsattsage kamar faso.

Kowa da wanda yake zargi. Masu lambu su ce shanun Fulani ne, Fulani su ce injinan masu lambu ne, su duka kuma su haɗu a kan masu buga bulo da ke aiko tanka. Wata shekara cacar bakin ta yi tsanani har mai gari ya hana kowa sa inji na mako guda, don a zauna a sasanta. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai noman albasa ne a bakin dam ɗin. Da ya ga ba aikin yi, sai ya sami sanda ya kafa cikin ruwa, ya sa wuƙa ya yi mata tsaga daidai inda ruwan ya tsaya. Ranar da mako ya cika muka je tare. Ruwa ya sauka daga tsagar da kusan faɗin yatsu uku, alhali ba injin da ya yi ko tari. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce da ni, "Ɗan nan, ka ga ɓarawon da ba ya zuwa da inji."

Na san wani abu daga cikin ruwan ƙasa ce ta tsotse, shanu ma sun sha nasu. Amma kawu bai yi kuskure ba, kaso mafi tsoka sama ya tafi. Tun ran nan nake mamakin yadda muke zancen ruwa a Arewa. Ana lissafa manoma, ana lissafa mutanen birni, ana lissafa dabbobi da masana'antu. Babban mai ɗiba kuwa, wanda ba ya fashi ko rana ɗaya, ba ka jin an ambace shi a taron manema labarai ko a jawabin kasafin kuɗi. Ni a ganina wannan mantuwar ita za ta fi cutar da mu ranar da fari mai tsawo ya dawo, fiye da rashin sababbin madatsai.

Bari mu yi lissafi irin na kasuwa. A yankinmu, daga Kano zuwa Nguru har bakin Tafkin Chadi, ruwan da ke buɗe ga sama yakan ƙafe da wajen mita biyu a shekara, ana ƙara yin arewa abin na ƙaruwa. Ruwan saman da Kano ke samu kuwa galibi bai cika mita ɗaya ba, na Nguru ma wajen rabin haka ne. Wato sama tana karɓa fiye da yadda take bayarwa, in dai ta sami abin karɓa. Idan ka raba mita biyun nan a kan kwanakin shekara, kowace rana milimita biyar da rabi ke nan. A ido ba komai ba ne, ko kaurin fensir bai kai ba. Amma a kan hekta guda, filin da ya ɗan ɗara filin ƙwallo, lita 55,000 ne. Jarka 2,200 ke nan mai cin lita 25. Ɗan garuwa mai kurar jarka 12 sai ya yi sahu sama da 180 kafin ya kwashe abin da rana da iska ke kwashewa daga hekta ɗaya tak cikin yini.

To ɗauki Tiga, babbar madatsar ruwan nan ta jihar Kano. An gama ta a 1974 zamanin marigayi Audu Bako, aka tsara ta ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu, fuskarta in ta cika murabba'in kilomita 178. Ba kullum take cike ba, don haka mu sassauta mu ce 100 kacal. A kan mita biyu, kubik mita miliyan 200 ke nan a shekara, wajen lita miliyan 550 kowace rana. A cire ruwan saman da ke sauka kai tsaye a kan dam ɗin da damina, a ce ya mayar da rabi. Abin da ya saura har yanzu ya fi lita miliyan 150 da aka gina sabuwar matatar ruwan sha ta Tamburawa ta riƙa tacewa a rana. Wannan lissafina ne, na zaune a gida, kuma da gangan na rage. Duk da haka ya nuna rana tana sha daga Tiga fiye da abin da waccan matatar za ta iya turo wa birnin Kano ko da tana aiki ba dare ba rana. Ba a zo maganar madatsar Challawa ba, wadda aka gama a 1992 a Ƙaraye, ita ma mai fuskar wajen murabba'in kilomita 100.

Wannan duk a shekarar lafiya ne. Idan fari ya zo ya zauna, lissafin yakan lalace ta fuskoki da yawa lokaci guda, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure. Ana ɗauka in ruwan sama ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu, kogi ma haka zai ragu. Ina! Ƙasa ce ke fara sha, sai itatuwa da ciyayi, abin da suka rage shi ke gangarowa rafi. Kogi ragowa yake ci. In tuwo ya yi kaɗan a gida, wanda ke jiran ragowa shi ke kwana da yunwa, ba wanda aka fara zuba wa ba. Haka aka gani a shekarun 1970 da 1980: ruwan sama a yankin Sahel ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu a kan na shekarun 1950 da 1960, amma manyan koguna irin su Neja da Senegal sun ragu da kusan rabi. Kuma ba sa farfaɗowa da damina ɗaya mai kyau, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa da ke ciyar da su da rani shi ma ya ja baya, sai ya fara biyan bashinsa tukuna.

Ɗaya fuskar ita ce wadda ta fi ba ni sha'awa, don duk matar da ke da randa ta san ta ko ba ta shiga aji ba. Me ya sa ruwan randa ke sanyi? Saboda jikinta na tsatsafo, iska na busar da danshin, busarwar nan kuma tana tafiya da zafi. Da wannan hikimar Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. To ƙasa mai danshi randa ce babba. Muddin akwai laima a gona da ganye a jikin itace, wani kaso na ƙarfin rana yana ƙarewa ne wajen busar da su, gari ya ɗan yi dama. In fari ya daɗe, ƙasa ta bushe ƙamas, ciyawa ta mutu, rana ba ta da abin busarwa, sai duk ƙarfin nata ya koma gasa ƙasa da iska. Iskar ta yi zafi ta bushe, kuma iska mai zafi ta fi haɗama: duk ƙarin digiri ɗaya na ma'aunin zafi yana ba ta ikon ɗaukar ƙarin danshi wajen kashi 7 cikin 100. Gajimaren da zai yi inuwa babu. Wannan iska mai ƙishirwa ta ratso daji ba ta sami ko ɗigo ba, sai ta iske dam shimfiɗe. A faɗin ƙasa gaba ɗaya ruwan da ke tashi sama ya ragu, tunda babu shi, amma a kan ɗan abin da muka tara ya ƙaru. Ba ma sai rana ta take ba. Wanda ya taɓa shanya wanki da hunturu ya san kafin ya gama shanya na ƙarshe na farko ya bushe, ga shi kuwa ana rawar ɗari.

Ana cikin haka kuma buƙata ke hauhawa. Manomin da damina ta yaudara zai koma bakin ruwa ya rama da noman rani. Shukar da a da ake ba ruwa bayan kwana biyar yanzu bayan kwana uku take yaushi. Makiyayin da tafkunan daji suka ƙafe masa zai kora garkensa zuwa dam. Shiga ta ragu, fita ta ƙaru, ɓarawon kawu kuma ya ƙara girman guga.

Babban dam an yi shi ne don ya ɗauki rarar shekara mai albarka ya kai ta shekarar tsanani. Amma duk shekarar da ruwa ya kwana a buɗe sai ya biya harajin mita biyun nan. Shi ya sa farin shekara ɗaya ba ya tona asirin kowa. Shekara ta biyu a fara ƙorafi. Ta uku ce ke fito da kututturan itatuwan da aka nutsar ranar da aka tare ruwan.

Ba tatsuniya nake ba, iyayenmu sun gani. Hausawa har suna suke sa wa irin waɗannan shekaru: Kakalaba ta wajen 1914 tana bakin tsofaffi har yau, a Nijar kuma yunwar 1984 El Buhari ake ce mata. A watan Yunin 1985 kogin Neja ya daina gudu a Yamai, abin da mutanen birnin ba su taɓa zaton gani ba. Tafkin Chadi, wanda a 1963 ya kai murabba'in kilomita 25,000, farin 1973 ya raba shi biyu, kafin tsakiyar shekarun 1980 buɗaɗɗen ruwansa bai kai kashi ɗaya cikin goma na da ba. Dalilin a fili yake. Tafkin faranti ne, zurfinsa 'yan mitoci, ba shi da kogin da ke fita daga cikinsa, kusan duk abin da kogin Shari da Logon ke kawo masa rana ce ke kwashewa. Da kogunan suka rage kawowa, ita ba ta rage ɗiba ba. (A nan zan ɗan ratse: masu jawabi sun riƙe "tafkin ya ƙafe da kashi 90" kamar karatun allo, alhali tun daga shekarun 1990 ya ɗan farfaɗo, yana kumbura yana tsukewa gwargwadon damina. Wannan kai-komon nasa shi ne darasin, ba adadin da aka haddace ba.)

Abin da ya fi ci mini rai a tarihin tafkin shi ne aikin noman rani na Kudancin Tafkin Chadi da ke Marte a Borno. An tsara shi a kan hekta sama da 60,000, aka haƙa doguwar hanyar ruwa daga tafkin, aka kafa manyan injina, aka kawo manoma. An yi tsarin ne da tafkin shekarun albarka a zuciya. Ana buɗe aikin a ƙarshen shekarun 1970 tafkin na ja da baya, ba a jima ba bakin hanyar ruwan ya koma tudu. Kuɗi sun nutse, ruwa bai zo ba. Waɗanda suka zana shi ba jahilai ba ne. Sun dai ɗauki shekarun da suka sani a matsayin yadda duniya za ta dawwama.

Kada a ce wannan tsohon labari ne. A farkon 2018 hukumar kogunan Sakkwato da Rima ta bayyana cewa dam ɗin Goronyo, mai cin kubik mita miliyan 942, ya koma wajen kashi 10 cikin 100 na ruwansa, aka danganta abin da ƙarancin ruwan saman 2017 da kuma yashin da ya cike shi. Damina ɗaya ce fa ta gaza, hankalin Sakkwato da Kebbi ya tashi. Da uku ne a jere kamar na 1982 zuwa 1984 fa, da yawan jama'ar da muke da shi yanzu?

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Ba don Tiga ba, da Kano me za ta sha da bazara? Da ina Kura da Kadawa da Bunkure da Garun Malam za su sami ruwan da ya mai da su kasuwar shinkafa da tumatir? Ban musa ba. Audu Bako, Allah Ya jiƙansa, ya yi hangen nesa, kuma an gama Tiga ne a tsakiyar fari, lokacin da kowa ya ga amfaninta da idonsa. Tiga tana da abin da ke cetonta, wato zurfi. In ka raba abin da aka tsara ta riƙe a kan faɗinta, za ka sami sama da mita goma. Mita biyu daga cikin goma ciwo ne, amma ana rayuwa da shi.

Rigimata da irin dam ɗin garinmu ce, waɗanda suka zama ruwan dare a ayyukan mazaɓu. Zurfinsu mita uku, wani ma bai kai ba. Daga Oktoba zuwa Mayu rana za ta ɗauke wajen mita ɗaya da rabi. Kar ka ce rabi ya tafi rabi ya saura, domin dam ƙwarya ne, sama ya fi faɗi. Rabin sama na ƙwarya ya fi rabin ƙasa ɗaukar fura nesa ba kusa ba. Ga shi kuma kowace damina korama na kawo yashi da laka daga gonakin da aka sare wa itatuwa, tana zubewa a gindin, ƙwaryar na komawa faifai. Ruwa marar zurfi ya fi saurin ɗumi, mai ɗumi ya fi saurin tashi. Irin wannan dam yana cika ne a lokacin da ko'ina ruwa ne, ya ƙafe a lokacin da aka gina shi dominsa. Amma yana da kyau a hoto, ana iya tsayawa a kan bangonsa a yi jawabi, shi ya sa ba a gajiya da yin sa. Ruwan da ke kwance ƙarƙashin ƙasa ba a yanka masa ƙyalle.

Sannan akwai mutanen da ke ƙasa da mu, waɗanda mu 'yan sama ba mu cika tunawa da su ba. Kogin Kano da na Challawa su ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, shi kuma ya haɗu da na Jama'are, su malala a fadamun Haɗeja da Nguru kafin abin da ya saura ya bi ta Gashuwa ya nufi Tafkin Chadi. Duk ɗigon da ya tashi sama a Tiga ɗigo ne da bai isa can ba. Wani zai ce ai fadamar ma shimfiɗa ce, rana na sha daga cikinta. Ƙwarai kuwa, tana sha sosai. Amma kafin ta sha, ruwan ya yi shinkafa, ya yi kifi, ya yi ciyawar da garke ke ci da rani, ya kuma nutse ya cika rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da bakin kogi. Masana tattalin arziki da suka auna wannan a shekarun 1990 sun gano cewa ruwan da ya malala a fadamar ya fi kawo amfani a kan kwatankwacinsa da aka karkatar zuwa manyan ayyukan ban ruwa na sama. Kuma tun da madatsai suka sauya tafiyar kogin, ya daina bushewa da rani ya koma ɗan gudu duk shekara, sai kacala, wata doguwar ciyawar ruwa, ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama masaukin tsuntsaye jan baki, ita ma kuma tana zuƙar ruwa tana furzar da shi sama dare da rana. Shi ya sa duk sanda aka tayar da maganar ƙarasa dam ɗin Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, mutanen Yobe da Borno ke ɗaga murya. Ina ganin suna da hujja, kuma kafin a zuba ko tifa ɗaya ya kamata a gaya musu, da alƙaluma, nawa sabon tafkin zai miƙa wa sama kowace shekara, kuma daga rabon wa za a cire.

Alƙaluman nan su ne farkon abin da nake nema, kuma su ne mafi araha. Sandar kawu ba ta ci ko sisi ba. Kowane dam na gwamnati ya kamata a ce akwai ma'aunin tsayin ruwa, da kaskon auna ƙafewa, da mutum guda da aikinsa ke nan ya duba ya rubuta kowace safiya. A kuma riƙa faɗa wa jama'a a rediyo, kamar yadda ake faɗin farashin hatsi: yau Tiga na mita kaza, bara war haka tana mita kaza. Manomin Kura da ya ji haka a Nuwamba zai san ko ya zuba shinkafa ko ya koma alkama da albasa. Domin shinkafar bazara, wadda ake tsayar wa ruwa a fili cikin Maris da Afrilu, ita ma wani dam ne marar zurfi, sai dai mai kore. A shekarar wadata ba laifi. A shekara ta biyu ta fari, ci gaba da ita ba tare da an faɗa wa kowa gaskiyar abin da ya rage ba, cin amanar masu shan famfo ne da masu jira a Gashuwa.

Na biyu, a yashe abin da ke akwai kafin a gina sabo. Kakanninmu sun san yasar rijiya, duk shekara ake shiga a kwaso taɓo. Dam ɗin da aka ƙara wa zurfi ya fi sabo mai faɗi, ko da ruwan da suke ɗauka ɗaya ne.

Na uku shi ne wanda na fi so a tsaya a kai: a ɓoye ruwa daga rana. Cikin ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, ba tara hatsi kawai ya ce a yi ba, cewa ya yi a bar shi cikin zangarniyarsa, wato ajiyar ma da irin tata. Zangarniyar ruwa ƙasa ce. Da ya nutse ƙarƙashin yashi da kamar kamu ɗaya ko biyu, rana ta kusa sallama shi. A gabashin Kenya, wajen Machakos da Kitui, akwai dubban ƙananan bangayen siminti da ake ginawa a gicciye cikin rafin da ke bushewa. Ba ruwa ake so su tare ba tun farko, yashi ake so. In yashin ya cika bayan bangon, sai ya riƙe ruwa a cikinsa, a sa famfon hannu a gefe a yi ta ɗiba har rani ya fita, ba sauro, ba kashin shanu. Yashin da ke kashe dam ɗinmu shi ne jarin nasu. Rafuka masu yashi a kan dutse kuwa, Kano da Katsina da Zamfara da Bauci ba a rasa su.

'Yan'uwanmu na Nijar, da fari ya fi gasa wa aya a hannu, sun riga mu gane wannan a gona. A ƙarshen shekarun 1980 manoman Illela a jihar Tawa suka je Yatenga ta Burkina Faso suka ga ramukan da ake haƙawa a ƙasar da ta mutu, a zuba taki, ruwan sama ya taru ya nutse a gindin shuka. Suka dawo da abin, suna ce masa tassa, ga kuma ramuka masu siffar rabin wata da ake tona wa gangare. A Maraɗi da Damagaram manoma suka daina tumɓuke tohon itatuwa wajen sassabe, suka bar gawo da 'yan'uwansa suka tashi a cikin gonaki, har aka ƙiyasta filin da ya farfaɗo da wajen hekta miliyan 5. Inuwa da karan da aka bari a ƙasa suna rage wa rana hannu, ruwan da ya nutse kuma yashin da zai tafi dam ya ragu. Ba kwangila a ciki, ƙila shi ya sa ba ya burge masu kasafi.

Kada kuma a ce burtsatse ta raba gardama. Burtsatse ba ta ƙirƙirar ruwa, asusu take buɗewa, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Birnin Kano a kan dutse yake, ruwan da ke ƙarƙashinsa na cikin tsagogi ne da ruɓaɓɓen dutsen sama, ba teku ba ne. Kowa ya ga yadda rijiyoyin unguwa ke ƙafewa da bazara da zarar maƙwabci mai hali ya haƙa tasa ta fi zurfi. Muna cike kududdufai muna gina shaguna, muna shafe tsakar gida da siminti, ruwan sama na bi ta kwata ya wuce cikin awa guda, sannan muna mamakin jarka ta yi tsada. A shekarar fari ta uku, asusun da ba a zuba masa ba shi za a fara iske wayam.

Abin da ke sa wannan magana wuyar shiga kunne yanzu shi ne ambaliya. Bayan abin da aka gani a 2022, da fashewar dam ɗin Alau da ya nutsar da Maiduguri a Satumban 2024, wanda ya tashi yana zancen fari sai a dube shi kamar mai sayar da bargo a Afrilu. Amma dam ɗin da yashi ya cike shi ne ke kasa riƙe ambaliya, shi ne kuma ke saurin ƙafewa. Mutanen da suka zana aikin Marte su ma daga shekarun ruwa suka fito.

Bana na koma gida ana saura kwanaki Afrilu ya ƙare. Dam ya riga ya zama fili, yara har sun kafa duwatsu suna ƙwallo a gefe guda. An ce wani mai neman kujera ya zo ya yi alkawarin gina wani a gabas da gari, wanda ya fi wannan faɗi. Na tambayi kawu a gida aka ce yana rafi. Na same shi can ƙasa da bangon dam ɗin, a tsakiyar busasshiyar koramar, ya durƙusa ya tona rami a cikin yashi har hannunsa ya nutse zuwa kafaɗa. Ya ce in dakata kaɗan. Muna zaune ruwa ya fara tsatsowa daga ƙasan ramin, ya taru, ya kwanta garau. Ya sa ƙoƙo ya kamfato ya miƙo mini. Da sanyinsa.